'Yan Sanda da Shari'a a Garuruwan 'Yan Asalin Kanada: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu son sanin yadda aikin ɗan sanda da shari'a ke tafiya ne a garuruwan 'yan asalin Kanada, inda ya lalace, da gyaran da ake yi. Mun bi sarƙar tun daga kiran gaggawa har ranar da fursuna zai koma gida.

Su wane ne 'yan asalin ƙasar da ake magana a kansu?

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982 ya ambaci rukuni uku: Al'ummomin Farko, waɗanda tsofaffin dokoki ke kira Indiyawa, da Inuwit na can arewa mai ƙanƙara, da Metis, masu tsatson 'yan asali da Turawa. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Al'ummomin Farko kaɗai sun haura 630, kowace da shugabanta da majalisarta, harsuna kuma sun haura 70. Wasu suna zaune a filayen da Dokar Indiyawa ta 1876 ta keɓe musu, amma mafi yawa yanzu suna wajen waɗannan filaye, da dama a birane irin su Winnipeg da Edmonton.

Me ya sa ake ƙyamar ɗan sanda a waɗannan garuruwa?

Ruwa ba ya tsami banza. Rundunar da ta zama RCMP ta yau, wato 'yan sandan tarayya, an kafa ta ne a 1873 don shimfiɗa ikon gwamnati a yammacin ƙasar. Daga 1885 aka hana mutum fita daga filin al'ummarsa sai da takardar izini. Yara kusan 150,000 aka tura makarantun kwana na tilas, kuma 'yan sanda na cikin masu kamo yaron da ya gudu su mayar da shi. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe, saboda haka wanda aka raba da uwarsa yana ɗan shekara shida yana nan da rai, shi ne kakan saurayin da ake kamawa yau.

Ba tarihi mai nisa kaɗai ba ne. A watan Nuwamban 1990 aka tsinci gawar Neil Stonechild, wani ɗan asali mai shekara 17, ta daskare a bayan garin Saskatoon. Kwamitin bincike ya gano a 2004 cewa yana hannun 'yan sanda a daren da ya ɓace, aka kori jami'ai biyu. A 2000 wani ɗan asali ya tsira da ransa bayan 'yan sanda sun ajiye shi a bayan garin nan cikin tsananin sanyi, ya ba da labari, kotu ta ɗaure jami'an. Donald Marshall ɗan ƙabilar Mi'kmaq ya yi shekara 11 a kurkuku kan kisan da bai yi ba. Illar wannan ga aiki a fili take: wanda bai yarda da kai ba ba zai kira ka ba, ba zai zama shaidarka ba, kuma bincike ba shaida ba ya zuwa ko'ina.

To wa ke aikin ɗan sanda a can yanzu?

A 1991 gwamnatin tarayya ta buɗe wani shiri na musamman. Ita ke biyan kashi 52 cikin ɗari na kuɗin, lardi ya biya 48. Yarjejeniyar iri biyu ce.

Ta farko, al'umma ta riƙe rundunarta da kanta. Irin waɗannan sun kai kusan 36, mafi yawa a Ontariyo da Kebek. Babbarsu ita ce Nishnawbe Aski, wadda aka kafa a 1994, tana kula da garuruwa 34 a arewacin Ontariyo, da dama ba a shigarsu sai ta jirgin sama ko ta hanyar ƙanƙara a lokacin hunturu. Lardin Saskatchewan gaba ɗaya guda ɗaya gare shi, ta File Hills. British Columbia ma ɗaya.

Ta biyu, RCMP ta ware jami'an da za su zauna wa gari, a sa hannu tsakanin tarayya da lardi da al'umma. A takarda, jami'in zai ba garin dukan lokacinsa, kuma akwai kwamitin mutanen gari da zai rubuta abin da ya fi damunsu. A aikace, da zarar ofishin yanki ya yi ƙarancin ma'aikata sai a janye shi zuwa babban titi ko wani gari. Garuruwan da ba su cikin shirin kuwa, sai su jira 'yan sandan lardi ko RCMP daga inda suke.

Ana yawan cewa matsalar ita ce "shiri" ne ba "aikin dole" ba. Mene ne bambancin?

Nan ne tushen ciwon, don haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Rundunar birni kamar ta Toronto doka ce ta kafa ta, dokar kuma ta faɗi mafi ƙarancin abin da dole a samar: sintiri dare da rana, ɗakin karɓar kira, masu binciken manyan laifuka, ginin da ya cika ƙa'ida. Idan kuɗi bai isa ba, akwai inda za a kai ƙara. Rundunar 'yan asali kuwa kwangila ce ke riƙe da ita, wani lokaci ta shekara ɗaya tak. Ba a fara da tambayar me garin ke buƙata. Ana fara da abin da ke cikin asusu ne, a raba. Shugaban rundunar da bai san ko yana da kuɗi bayan 31 ga Maris ba, ta yaya zai gina ofishi, ko ya yi wa sabon ɗauka alkawarin aiki mai ɗorewa?

Ga abin da hakan ke haifarwa. Ranar 8 ga Janairun 2006 gobara ta tashi a ofishin 'yan sanda na Kashechewan, wani gari a gaɓar James Bay. Samari biyu na bayan kanta, an tsare su saboda maye. Ginin tsoho ne da aka mayar ofishi, ba na'urar yayyafa ruwa, ƙofofin kuma da kwaɗo aka rufe su. Jami'in da ke bakin aiki ya yi ta fama da makullai cikin hayaƙi har ya ƙone, bai iya buɗewa ba, samarin suka mutu. A garin da dokar lardi ke aiki, da ba a yarda a tsare ko mutum ɗaya a wannan gini ba.

Kotuna sun fara magana. A 2023 rundunoni uku na Ontariyo, Treaty Three da Anishinabek da UCCM, masu kula da garuruwa 45, suka ƙi sa hannu a sabuwar kwangila saboda sharuɗɗanta sun hana su kafa sassa na musamman kamar na karnuka, sun hana su cin bashi don mallakar gini, har sun hana su kashe kuɗin shirin wajen ɗaukar lauyan da zai duba musu kwangilar. Aka tsayar musu da kuɗi, sai da Kotun Tarayya ta ba da umarni a ƙarshen Yuni aka sake. Ranar 27 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan rundunar al'ummar Mashteuiatsh ta Kebek, wadda ta ci giɓin dala miliyan 1.6 daga 2013 zuwa 2017. Kotun ta ce gwamnatin Kebek ta san kuɗin bai isa ba amma ta ƙi zama a tattauna, ta bar al'ummar gaba kura baya sayaki: ko ta karɓi abin da aka ba ta, ko ta rufe rundunarta. Aka umarce ta ta biya kasonta, sama da dala 767,000.

Abin da ya fi ciwo shi ne rahoton Odita Janar na Maris 2024: a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, dala miliyan 13 na shirin ba a ma kashe su ba, RCMP kuma ta bar guraben jami'ai 61 da aka ware wa kuɗi babu kowa. Gwamnatin Trudeau ta yi alkawari a 2020 za ta kawo dokar da za ta mayar da aikin na dole, amma har aka je zaɓen 2025 ba a gabatar da ita a majalisa ba. Ontariyo ce ta buɗe wata ƙofa: a Disamban 2024 Nishnawbe Aski ta shiga ƙarƙashin dokar 'yan sanda ta lardin, aka ware mata dala miliyan 514 don ta ninka jami'anta su haura 500.

Jami'ai nawa ƙaramin gari ke buƙata?

Lissafin ba wuya. Shekara tana da awa 8,760. Jami'i mai awa 40 a mako yana da 2,080, amma in ka cire hutu, horo, jinya, zaman kotu da rakiyar waɗanda aka tsare zuwa birni, da ƙyar ya ba ka 1,600. Ke nan tsayar da mutum ɗaya a bakin aiki dare da rana yana cin jami'ai biyar zuwa shida. Rikicin cikin gida kuma ba a zuwa masa mutum ɗaya, musamman inda kusan kowane gida akwai bindigar farauta. Mutum biyu a kowane lokaci na nufin jami'ai 11. Garin da aka ba uku, ɗaya na hutu, ɗaya ya raka fursuna a jirgi, saura ɗaya, shi ne na rana shi ne na dare, ɗauki kuma sai jirgi ya samu sararin sauka.

Tazara ma lissafi ce. Da asubar 4 ga Satumban 2022 aka kashe mutum 11 da wuƙa a garin 'yan asali na James Smith a Saskatchewan da ƙauyen Weldon da ke kusa, aka raunata 17. Kiran farko ya shiga da ƙarfe 5:40, jami'an da suka taso daga Melfort, tafiyar kusan kilomita 45, suka iso 6:18. Ba su yi sakaci a hanya ba, nisan ne. Wanda ya yi kisan tun watan Mayu ake nemansa saboda ya karya sharuɗɗan sakinsa, kuma yana shiga yana fita a garin.

Idan al'umma na son kafa tata rundunar, ta ina za ta fara?

Da ƙudurin majalisar gari, bayan an zauna da jama'a, mata da matasa su ma a ji bakinsu daban, don abin da za su faɗa ba za su faɗe shi gaban shugabanni ba. Sai nazarin yiwuwa: yawan kira a shekara, irin laifukan, nisan gidaje, da ko gara a haɗa kai da maƙwabta. Garin mutum 1,500 shi kaɗai ba zai iya riƙe mai binciken kisa da ɗakin karɓar kira ba, amma garuruwa biyar za su iya.

Daga nan a koma ga lardi, domin dokar lardi ce ke ba jami'i ikon kama mutum, sannan a zauna yarjejeniyar ɓangare uku. Kafin a ɗauki ko kurtu ɗaya, a kafa hukumar da za ta sa ido kan rundunar, wadda ita ce ke ɗaukar shugaban 'yan sanda, ba shugaban gari ba. Horo kuwa irin na kowa ne: makarantar Aylmer a Ontariyo, ta Nicolet a Kebek, ko ta RCMP a Regina mai mako 26.

Abubuwan da ake mantawa a kasafi su ke kayar da runduna: gidan da jami'i zai kwana a garin da iyali goma ke jiran gida ɗaya, oba-obar da ke kamawa har ƙarshen gari, ɗakin ajiyar kayan shaida mai kulle, masu gadin bayan kanta, inshora, fansho, da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda zai kawo ɗauki idan aka yi kisa. Miƙa aiki a hankali ake yinsa, tsofaffi da sababbi su yi sintiri tare. Al'ummar Siksika ta lardin Alberta ta rasa rundunarta a 2002, sai a 2022 ta samu yarjejeniyar dawo da ita. Rushewa na da sauƙi, shekara ashirin aka yi kafin a samu hanyar komawa.

Ɗan gari ya zama ɗan sanda, shi ke nan an huta?

A'a. Ya san harshe, ya san gidan da ake rikici tun kaka da kakanni, ya san dattijuwar da in ta yi magana saurayi zai ajiye abin da ke hannunsa. Amma ranar da zai kama ɗan baffansa, ko mijin ƙanwarsa, gobe kuma su haɗu a kanti ɗaya tilo na garin, nauyin ba kaɗan ba ne. Shi ne kuma zai fara isa gidan da yaro ya rataye kansa, yaron da ya sani tun yana goye. Rundunonin yanki sukan tura mutum garin da ba nasa ba amma mai harshensa, su sa doka cewa shari'ar da ta shafi dangi a miƙa wa wani, su kuma tanadi mai ba jami'ai shawara bayan mummunan aiki. Sai matsalar albashi: idan fansho da alawus ba su kai na 'yan sandan lardi ba, rundunar za ta zama makarantar horar wa wasu ma'aikata, mutum ya yi shekara uku ya ƙware, ya wuce.

Majalisar gari na kafa dokoki. Me ya sa ba a bin su?

Sashe na 81 na Dokar Indiyawa ya ba majalisa ikon kafa dokokin cikin gari, da tarar da ba ta wuce dala 1,000 ba ko ɗaurin kwana 30. Sashe na 85.1 ya ba ta ikon haramta giya. Da waɗannan dokoki ake korar mai sayar da ƙwaya ko hana shigo da barasa. Tsugune ba ta ƙare ba, don doka na buƙatar mai kamawa, mai gabatar da ƙara, da kotun da za ta saurara. A 2014 aka cire wa minista ikon duba waɗannan dokoki da soke su, abin da ya kamata ya zama ƙarin 'yanci. Sai RCMP a wurare da yawa ta ja baya, tana cewa ba wanda ya tabbatar mata dokar ba ta saɓa wa kundin haƙƙoƙi ba. Lauyoyin tarayya suka ce ba aikinsu ba ne, na lardi suka ce dokar tarayya ce. Ɗan sanda kuwa ba ya rubuta tuhumar da ya san ba mai ɗaukarta zuwa kotu.

A 2018 al'ummar K'ómoks ta ɗauki lauya da kuɗinta ta gurfanar da wasu da suka ƙi tashi daga filinta, ta yi nasara, amma ba kowace al'umma ke da wannan ƙarfi ba. Saskatchewan ta gyara dokarta a 2023 yadda za a yanka wa mai karya dokar gari tikitin tara kamar na hanya, a bi ta kotun lardi. A ganinmu wannan ce hanya mafi araha, in an haɗa ta da lauyan da zai tace dokar tun kafin a kafa ta.

Dole ne kowane kira ɗan sanda mai bindiga ya amsa shi?

Yawancin kira ba na laifi ba ne: wanda maye ya kayar cikin sanyi, yarinyar da ba ta dawo gida ba, mai taɓin hankali da ya rikice. Al'ummar Kwanlin Dün da ke birnin Whitehorse ta fara amfani da jami'an tsaron al'umma a 2017. Ba su ɗaukar makami, ba su tuhumar kowa, suna zagaye ne, su kai mutum gida ko asibiti, su kira RCMP idan abin ya fi ƙarfinsu. A Winnipeg akwai 'yan sa-kai na Bear Clan, da aka kafa a 1992, aka farfaɗo da su a 2015 bayan an tsinci gawar Tina Fontaine, 'yar shekara 15, a kogin Red. Suna tsince allurai, suna raba abinci, suna taya neman wanda ya ɓata. Inda ake kuskure shi ne a ɗauke su madadin 'yan sanda don rage kuɗi, a tura mutum da tocila kaɗai gidan da ake harbi.

Me ke faruwa da binciken mata da 'yan matan da ke ɓacewa?

Rahoton RCMP na 2014 ya lissafa mata 'yan asali 1,181: an kashe 1,017 daga 1980 zuwa 2012, 164 sun ɓata. Kwamitin bincike na ƙasa ya miƙa rahotonsa ranar 3 ga Yunin 2019 da buƙatu 231. Kuskuren da iyalai suka yi ta maimaitawa iri ɗaya ne: a ce wa uwa ta jira, 'yarta yawo ta tafi, alhali ba dokar da ta ce sai an yi awa 24 kafin a karɓi rahoto. A kwanakin farkon nan ne hoton kyamara ke gogewa, dusar ƙanƙara ta rufe sawu, shaidu su watse.

Birnin Thunder Bay na Ontariyo ya nuna yadda zato ke kashe bincike. A 2015 an ciro gawar wani ɗan asali daga kogin McIntyre, cikin 'yan awoyi, tun ba a yi gwajin gawa ba, 'yan sanda suka sanar cewa ba alamar laifi. Hukumar da ke duba 'yan sandan Ontariyo ta ce a Disamban 2018 akwai wariyar launin fata a tsarin rundunar, ta nemi a sake binciken mutuwar mutum tara. Gyaran a bayyane yake: a ɗauki duk mutuwar ba-zata a matsayin abin tuhuma har likita ya yi magana, a killace wurin, wani babban jami'i daban ya duba fayil kafin a rufe, a kuma ba iyali mutum ɗaya da za su riƙa kira.

Idan ɗan sanda ne ya yi laifin, wa ke bincikensa?

Yawancin larduna na da hukumar farar hula mai binciken mutuwa ko mummunan rauni a hannun 'yan sanda, RCMP kuma na da hukumar karɓar koke. Raunin biyu ne: masu binciken da yawa tsofaffin 'yan sanda ne, kuma kafin su iso gari mai nisa wurin ya riga ya sauya. Bayan mata 'yan asali na garin Val-d'Or sun zargi 'yan sanda da cin zarafinsu, Kebek ta sa tun 2018 duk zargin laifi da ɗan asali ya yi wa ɗan sanda ya tafi ga hukuma mai zaman kanta kai tsaye.

Mene ne ƙa'idar Gladue? Sassauci ne ga mai laifi?

A 1996 aka ƙara sashe na 718.2(e) a dokar manyan laifuka, wanda ya umarci alƙali ya duba duk hukuncin da ba ɗauri ba, musamman ga ɗan asali. A 1999 Kotun Ƙoli ta fassara shi a shari'ar Gladue, wata 'yar shekara 19 da ta kashe mijinta a Nanaimo. Alƙalin farko ya ce tunda a birni take zaune sashen bai shafe ta ba. Kotun Ƙoli ta ce ya yi kuskure, amma ba ta rage mata shekara ukun ba. Wannan kaɗai ya isa amsa: ba rangwame ba ne. A shari'ar Ipeelee ta 2012 kotun ta ƙara cewa ƙa'idar na aiki ko a manyan laifuka, kuma ba sai mutum ya tabbatar cewa tarihinsa ne ya sa shi laifin ba.

Aikin yana rataye ne a kan rahoton tarihin rayuwar mai laifin da ake rubuta wa alƙali. Marubucin zai zauna da mai laifin sau da yawa, ya ji daga uwa, kaka, malami, ya gano wanda ya yi makarantar tilas a gidan, gidajen riƙo nawa yaron ya zaga, ko giyar da aka sha yana ciki ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sashe mafi amfani shi ne na ƙarshe: sunan cibiyar jinya, ranar da gado zai samu, wanda zai kai shi. Rahoto mai kyau yana cin makonni. Wanda ke tsare yakan yafe shi don kada ya ƙara kwana, wasu larduna kuma ba su da isassun marubuta. In ba cibiyar da za a tura mutum, alƙali zai karanta, ya girgiza kai, ya ɗaure. Shi ya sa har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin tarayya 'yan asali ne, a ɓangaren mata kuma sun kai rabi a 2022.

Ina beli ya shigo?

Ta nan ake cika gidajen yari ba tare da an lura ba. A ce wa wanda giya ta kama kada ya sha, ko kada ya kusanci wance a garin da titi ɗaya ne, kanti ɗaya. Mako biyu ya karya sharaɗi, karyawar kuma sabon laifi ce, fayil ya yi kauri, beli na gaba ya gagara. Wanda aka ɗauko a jirgi zuwa kotun birnin Kenora ba shi da mai tsaya masa a kusa, sai ya amsa laifin da zai iya karewa don kawai ya koma gida. Tun 2019 sashe na 493.2 ya wajabta wa ɗan sanda da alƙali su duba halin ɗan asali wajen beli. Abin da ke aiki shi ne sharaɗi kaɗan wanda mutum zai iya cikawa, zaman beli ta bidiyo daga garin, da gidan da za a sauke shi a sa masa ido.

Akwai kotunan 'yan asali na kansu?

Akwai, amma ikonsu ya bambanta. A Nunavut, inda ba titin da ya haɗa garuruwa 25, alƙali da lauyoyi da tafinta jirgi ɗaya suke hawa, su zauna a zauren taro ko filin wasan makaranta, lauya ya ga wanda yake karewa ana gobe shari'a. Guguwa ta hana sauka, sai a ɗage watanni, mai ƙara da wanda ake ƙara suna gari ɗaya.

A 1992 alƙali Barry Stuart ya yi zaman da'ira a Yukon, aka jera kujeru, dangi da dattawa da ɗan sanda kowa ya yi magana kafin hukunci. Al'ummar Tsuut'ina kusa da Calgary ta samu kotun sulhu a 2000: wanda ya amsa laifinsa, in wanda aka zalunta ya yarda, sai a miƙa su ga masu sulhu, ban da kisa da fyaɗe. Saskatchewan na da kotun da ke zama da harshen Cree tun 2001. Al'ummar Akwesasne ta kafa tata kotun a 2016 da dokar da ta rubuta da kanta, sai dai manyan laifuka na hannun kotunan gwamnati. Gargaɗinmu kan sulhu ɗaya ne: a ƙaramin gari, matar da mijinta ya doka za a iya matsa mata ta yafe, musamman in danginsa ne ke da faɗa a ji. Sai an ji ta ita kaɗai, an tabbatar tana da wurin fakewa, kafin a kira taro.

Masu taya alƙali yanke hukunci fa?

A 2018 aka wanke manomin da ya harbe Colten Boushie, wani saurayi ɗan asali, a Saskatchewan, bayan lauyoyi sun cire duk mai kama da ɗan asali daga cikin masu taya alƙalin. A 2019 aka soke ikon cire mutum ba tare da dalili ba. Saura rajistar da ake zaɓo sunaye, da kuɗin tafiya ga wanda zai taso daga nesa.

Bayan an ɗaure mutum, akwai abin da al'ummarsa za ta iya yi?

Dokar gidajen yari ta 1992 ta ba da hanya biyu. Sashe na 81 ya yarda al'umma ta riƙe fursuna a gidan warkarwa, inda dattawa ke jagorantar tarbiyya da al'ada, a koyi sana'a, a yi jinyar shaye-shaye. Irin waɗannan gidaje goma ne: huɗu na hukumar gidajen yari, kamar Okimaw Ohci na mata da aka buɗe a 1995, shida na al'umma, waɗanda ake ba kuɗi ƙasa da na hukumar. Yawanci sai wanda aka auna a matsayin mai ƙaramin haɗari ake kai wa, ma'aunin kuwa yana lissafa rashin aiki, ƙarancin karatu da yawan tsofaffin tuhume-tuhume, don haka 'yan asali ke taruwa a rukunin tsaro mai tsanani. A 2018, a shari'ar Ewert, Kotun Ƙoli ta ce hukumar ta saɓa doka da ta ci gaba da amfani da wasu ma'aunai ba tare da ta tabbatar suna aiki a kan 'yan asali ba.

Sashe na 84 kuma ya ba al'umma dama ta tsara dawowar ɗanta, in shi fursunan ya nema. A fara da wuri, watanni kafin ranar: gidan da zai sauka, dattijon da zai riƙe shi, inda zai ci gaba da jinya, katin shaida da na asibiti a hannu, a kuma sanar da wanda ya zalunta da 'yan sandan garin ranar da zai iso da sharuɗɗan da aka gindaya masa.